Daga Kudai zuwa Kano: Siririn yaɓen da wutar lantarki ta dogara da shi

Duk alhajin da ya taɓa sauka a Misfala ko a masaukan da ke kudancin Harami ya san Kudai. A nan babbar tashar motoci take, inda bas-bas ke jere dare da rana suna kwasar masu ibada, su bi da su ta hanyoyin da aka fafe a cikin duwatsu har zuwa kusa da Masallacin Harami. A lokacin aikin Hajji da goman ƙarshe na watan Ramadan, Hausa na daga cikin harsunan da kunne ke yawan tsinta a wurin.

Sai dai Kudai na da wani matsayi da ba kowane alhaji ne ya lura da shi ba. A wannan unguwa ce, kimanin kilomita huɗu da rabi daga Harami, aka gina masana'antar tacewa da ɗura ruwan Zamzam, wadda marigayi Sarki Abdullah bin Abdul'aziz ya buɗe a watan Ramadan na shekarar 2010, bayan an kashe mata riyal miliyan 700. An tsara ta ne ta riƙa tace lita miliyan 5 a rana, ta kuma cika jarkoki har 200,000. Jarkar Zamzam ɗin da alhaji ke raba wa dangi a Kano ko Maraɗi ko Kumasi, daga nan ta fito.

Ba da guga ake jan ruwan ba. Famfuna ne ke ɗago shi daga rijiyar mai zurfin kimanin mita 30, su tura shi ta bututu zuwa Kudai, inda ake tace shi, a ɗura, a ajiye. Dukkan wannan aiki a kan wutar lantarki yake tafiya.

Ita kuwa wutar, a Saudiyya kamar a Najeriya, kaso mai yawa nata na fitowa ne daga wasu injina da ba za su jure aiki ba sai da wani siririn yaɓe, wanda kaurinsa bai wuce na farce ba. Tun daga watan Afrilun 2025, ɗaya daga cikin sinadaran da ake yin wannan yaɓe da su ya faɗa cikin rikicin kasuwanci tsakanin China da Amurka. Abin da ke biyo baya ya shafi Makka, ya kuma shafi Kano da Kaduna, waɗanda ke jiran bututun iskar gas ya iso gare su.

Birnin da ke rayuwa da lantarki

A ranar 17 ga watan Yunin 2024, ana tsakiyar aikin Hajji, zafi ya kai digiri 51.8 a ma'aunin Salshiyas a Masallacin Harami. Bayan kammala aikin, ministan lafiya na Saudiyya, Fahad al-Jalajil, ya sanar da cewa mutum 1,301 ne suka rasu, kuma kashi 83 cikin 100 nasu ba su da izinin aikin Hajji. Rashin izinin na nufin ba su da tanti mai na'urar sanyaya wuri, ba su da motar da za ta ɗauke su, sai doguwar tafiya a ƙasa cikin rana.

Wannan ya nuna cewa a Makka sanyaya wuri ya wuce batun jin daɗi, rayuka ne suka rataya a kansa.

Manyan tashoshi biyu ne ke sanyaya Masallacin Harami, ɗaya a Ajyad, ɗaya a Shamiyya, kuma ƙarfinsu a haɗe ya kai kimanin tan 155,000 na sanyi. Idan aka kwatanta da na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi da ake sayarwa a kasuwannin Najeriya, tamkar an kunna irinta 155,000 ne a lokaci guda. Jirgin ƙasan da ke jigilar alhazai tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa tun 2010 da lantarki yake tafiya. Ruwan wanka da na alwala a otal-otal kuma galibinsa daga Bahar Maliya yake, ana cire masa gishiri a Shu'aiba da ke kudu da Jidda, sannan a turo shi zuwa Makka ta manyan bututai.

A lokacin zafi, buƙatar wuta a faɗin Saudiyya kan haura megawat 70,000. Mafi yawan abin da layin wutar Najeriya ya kai a farkon watan Maris na 2025, wanda hukumomi suka yi shelarsa a matsayin tarihi, shi ne megawat 5,801.

Kusan dukkan wutar Saudiyya daga iskar gas da man fetur ake samar da ita, ko da yake ƙasar na gina manyan tashoshin hasken rana. Burinta shi ne zuwa 2030 rabin wutar ta fito daga gas, rabi daga rana da iska. Saboda haka take gina sabbin tashoshin gas, ciki har da Taiba 1 da 2 a yankin Madina da Ƙasim 1 da 2, kowace mai ƙarfin kimanin megawat 1,800, da injinan kamfanonin GE Vernova da Siemens Energy.

Wutar da ta fi ƙarfin ƙarfe

Injin da ke tashar gas ɗan'uwan injin jirgin sama ne, sai dai an girke shi a ƙasa. Yana zuƙo iska, ya matse ta, ya cakuɗa ta da gas, ya kunna. Iskar da ta yi zafi sai ta fito da ƙarfi ta bugi jerin fukafukan ƙarfe, su kuma su juya sandar da ke haɗe da janareta. Manyan injinan kan juya sau 3,600 a minti ɗaya a Saudiyya, sau 3,000 a Najeriya.

Ƙa'idar ita ce gwargwadon zafin wutar, gwargwadon lantarkin da za a samu daga gas ɗin da aka ƙona. Shi ya sa a injinan zamani zafin iskar da ke isa ga fukafukan farko kan wuce digiri 1,500. Su kuwa fukafukan, duk da cewa an ƙera su da haɗin ƙarfen nikel mafi juriya, sukan fara narkewa daga wajen digiri 1,300.

To yaya ƙarfe zai zauna cikin wutar da ta fi ƙarfinsa, shekara da shekaru, bai narke ba?

Dabara biyu ake haɗawa. Ta farko, fukafukan ba dunƙulallu ba ne, akwai ƙananan hanyoyi a cikinsu da iska mai ɗan sanyi ke ratsawa, ta fito ta ɗaruruwan ƙofofi ƙanana ta lulluɓe jikin ƙarfen. Ta biyu ita ce yaɓe. Maginan gargajiya a ƙasar Hausa sun san cewa ginin ƙasa ba ya jure damina sai an shafe shi da makuba. Makubar ba ta ɗaukar nauyin gini, amma idan babu ita, ruwa zai cinye katanga. Haka yaɓen fukafukai yake. Ana fara shimfiɗa wani haɗin ƙarfe da ke hana tsatsa, sannan a ɗora farin yaɓe na dangin tangaran, wanda ake kira zirkoniya. Wannan yaɓe, tare da sanyayawar ciki, kan rage zafin da ke isa ga ƙarfen da digiri 100 ko fiye.

Zirkoniya ita kaɗai takan tsattsage idan ta yi zafi ta huce. Binciken da hukumar NASA ta Amurka ta yi a shekarun 1970 da 1980 ya nuna cewa idan aka gauraya ta da kashi 6 zuwa 8 cikin 100 na sinadarin itiriyom, takan daɗe ba ta fashe ba. Wannan haɗi ne masana'antu suka fi dogara da shi har yau.

Yadda ake fesa dutse kamar fenti

Zirkoniya ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 2,700, don haka wutar maƙera ko ta mai walda da gas ba ta isa ta narkar da ita yadda ake so ba. A nan ne filasma ta shigo.

Idan aka ɗumama ƙanƙara takan zama ruwa, ruwa ya zama tururi. Idan aka ci gaba da zafafa iska har ƙwayoyinta suka wargaje, sai ta koma wani hali na huɗu mai haske, wanda lantarki ke iya bi ta cikinsa. Shi ne filasma. Walƙiya filasma ce, rana ma haka. A cikin tocilan masana'antu zafinta kan kai digiri 10,000, kusan ninki biyu na zafin fuskar rana.

Ana zuba garin sinadari a cikin wannan harshen wuta, kowace ƙwaya ta narke a cikin ƙiftawar ido, iska ta wurga ta a jikin ƙarfen, ta baje, ta daskare. Miliyoyin ƙwayoyi na hawa kan juna har yaɓe ya samu. Asalin dabarar fesa narkakken ƙarfe na komawa ga wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Max Ulrich Schoop, a wajen 1910, amma sai a ƙarshen shekarun 1950 aka fara yin ta da filasma.

Tocilan filasma iri biyu ne. Wadda ta fi yawa a masana'antu tana aiki ne kamar injin walda: tartsatsin lantarki na tashi tsakanin sanduna biyu, iskar agon ta ratsa ta tsakiya. Ita ce ake yi wa galibin fukafukan tashoshin wuta yaɓe da ita. Tana da sauri da arha, sai dai sandunan na cinyewa a hankali, ɓurɓushinsu na iya gurɓata yaɓen.

Ta biyu ba ta da sanda ko ɗaya. Ana naɗe wani bututun tangaran da zoben jan ƙarfe, a saki lantarkin da ke kai da komo sau miliyoyi a daƙiƙa. Ƙarfin maganaɗisun da ya taso shi ke kunna iskar da ke cikin bututun daga nesa, kamar yadda murhun lantarki na zamani ke zafafa tukunya ba tare da harshen wuta ba. Injiniyan Tarayyar Sobiyet Georgy Babat ya gwada wannan hanya a Leningrad a farkon shekarun 1940, sannan Thomas Reed na jami'ar MIT a Amurka ya daidaita ta a 1961. Wanda ya fi kowa fitar da ita daga ɗakin bincike zuwa kasuwa shi ne Farfesa Maher Boulos, haifaffen Masar, wanda ya koyar a Jami'ar Sherbrooke ta Kanada, ya kuma kafa kamfanin Tekna a 1990.

Tunda babu sandar da za ta cinye, abin da ke fitowa daga wannan tocila tsarkakakke ne. Harshen wutarta ya fi faɗi, yana kuma tafiya a hankali, don haka ƙwayar gari kan daɗe a ciki har ta narke gaba ɗaya. Wannan ne ya sa ake komawa gare ta a ayyukan da ba sa jure ƙazanta ko kaɗan, da kuma ƙarafa masu taurin kai irin su tungistin, wanda ba ya narkewa sai a digiri 3,422.

Daga injin jirgi zuwa ƙashin ƙugu

Babban aikin tocilar maganaɗisu a yau shi ne gyara garin ƙarfe. Ƙwayar gari mai kaifi-kaifi na shiga wutar ta narke, ta fito a mulmule kamar ƙwayar gero. Irin wannan gari ne ke gudana sumul a cikin injinan feshi, da kuma na'urorin da ke gina kayan ƙarfe hawa-hawa daga gari, waɗanda kamfanonin jiragen sama da na kayan asibiti ke amfani da su. Da ita kuma ake shimfiɗa tataccen gilashin da ake zare wasu wayoyin haske na musamman daga gare shi, irin waɗanda likitoci ke tura hasken leza ta cikinsu a lokacin tiyata.

Feshin filasma gaba ɗaya kuwa ya shiga wurare da yawa da mai karatu ke mu'amala da su bai sani ba. Injin jirgin da ke ɗaukar alhazai daga Kano ko Yamai zuwa Jidda na ɗauke da sassa masu yawa da aka yi wa wannan yaɓe. Akwai shi a jikin sandunan famfunan matatun mai, da naɗin injinan buga takarda da ledoji, da sassan injinan saƙa da zare ke gogawa.

Akwai shi har a jikin mutane. Tun daga shekarun 1980 ake fesa wa ƙarfen da ake dasawa a ƙugu garin titaniyom ko na sinadarin da ƙashin ɗan'adam ya ƙunsa, domin ƙashi ya tsiro ya kama ƙarfen da kansa. Wannan ya shafi Najeriya kai tsaye, ƙasar da ake haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu cutar sikila a kowace shekara. Da yawa daga cikin masu cutar kan gamu da mutuwar kan ƙashin cinya tun suna matasa, wasu har sai an sauya musu ƙugu a asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. Ƙarfen da ake dasa musu daga waje ake sayo shi, da dala.

Yashi da ɗanyen mai

Yaɓe ba ya dawwama, kuma a ƙasashen hamada abokan gabarsa biyu ne.

Na farko shi ne yashi. Duk yadda aka tace iskar da injin ke zuƙa, ƙura mai laushi kan kuɓuce. A wajen digiri 1,200 wannan ƙura takan narke ta zama ruwan gilashi, ta kutsa cikin ƙananan ramukan yaɓen. Idan injin ya huce sai gilashin ya daskare, yaɓen ya rasa laushinsa, ya tsage, ya fara ɓarewa. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar yaɓe ya ɓare, wuta ta samu ƙarfe. Tsoron irin wannan ne ya sa aka soke tashin jirage kimanin 100,000 a Turai a watan Afrilun 2010, lokacin da wani dutse mai aman wuta a ƙasar Aislan ya cika sararin samaniya da toka.

Na biyu shi ne man da ake ƙonawa. A lokacin zafi Saudiyya kan ƙona ɗaruruwan dubban gangunan ɗanyen mai a kowace rana domin samar da wuta. Ɗanyen mai na ɗauke da banadiyom da farar wuta da gishiri, waɗanda ke zama toka mai cin ƙarfe da yaɓe. A injina da yawa, ƙa'ida ita ce a buɗe sassan da wuta ke taɓawa bayan kimanin sa'o'i 24,000 na aiki da gas, wato kusan shekara uku. Idan ɗanyen mai ake ƙonawa, wa'adin kan ragu zuwa rabi ko ma kashi ɗaya cikin uku.

A duk lokacin da aka buɗe injin, ana ciro fukafukan, a kankare tsohon yaɓe, a toshe tsagogi, a sake fesa sabo. Ƙasar da ba ta da inda ake yin wannan aiki sai ta tura kayan waje, ta jira.

Matakin da Saudiyya ta ɗauka

Shekaru da dama Saudiyya ma haka take yi. Daga baya ta yi amfani da girman kasuwarta ta matsa wa masu sayar mata da injina su kawo aikin gida. A 2011 kamfanin GE ya buɗe cibiyar ƙira da gyara a birnin masana'antu na Dammam, a gabashin ƙasar, inda ake gyaran sassan injinan gas har da sabunta yaɓensu, daga baya kuma ya kafa sashen bincike kan yadda injina ke jure zafi da ƙura da man da ba a tace ba. Kamfanin Siemens ya harhaɗa injin gas na farko a Saudiyya a 2016, shi ma a Dammam. A watan Disambar 2015 kamfanin mai na Aramco ya ƙaddamar da shirin da ya sa burin kashi 70 cikin 100 na kayayyaki da ayyukan da yake saye su fito daga cikin gida.

Wannan bai mayar da Saudiyya mai fasahar ba. Sirrin haɗin ƙarafa da na yaɓe na nan a hannun kamfanonin ƙetare, kuma kamfanoni uku ne suka mamaye kasuwar manyan injinan gas a duniya: GE Vernova da Siemens Energy da Mitsubishi Power. Abin da ta samu shi ne lokaci da ma'aikata. Fiffiken da a da zai tsallaka teku yanzu a mota yake tafiya, kuma 'yan ƙasa ne ke koyon gyaransa.

China ta riƙe maƙogwaro

A ranar 4 ga watan Afrilun 2025, kwana biyu bayan Shugaba Donald Trump ya sanar da sabon harajin kayayyaki, China ta sa dokar neman lasisi kafin fitar da nau'o'i bakwai na ma'adanan da ake kira masu wuyar samu. Hankalin duniya ya fi karkata ga waɗanda ake yin maganaɗisun motocin lantarki da su. Amma itiriyom ma na cikin jerin, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na wanda duniya ke amfani da shi daga China yake fitowa.

Farashinsa a wajen China ya ninka sau da yawa kafin ƙarshen shekarar. Bayan ganawar Trump da Shugaba Xi Jinping a Busan ta Koriya ta Kudu a ƙarshen watan Oktoba, China ta jingine wasu ƙarin matakai da ta sanar a watan, amma tsarin lasisin watan Afrilu bai gushe ba.

Matsalar ta zo ne a daidai lokacin da ake rububin injinan gas, musamman saboda manyan rumbunan kwamfuta na ƙirƙirarriyar basira da ake ginawa a Amurka, masu shan wuta kamar gari guda. Wanda ya ba da odar babban inji a yau sai ya jira shekaru. A irin wannan yanayi, mai kuɗi a hannu da doguwar yarjejeniya shi ke gaba a layi, na sabon inji da na kayan gyara.

Saudiyya ta sake neman mafita. A watan Mayun 2025, lokacin ziyarar Trump a Riyadh, kamfanin ma'adanai na ƙasar, Ma'aden, ya sa hannu kan takardar fahimtar juna da kamfanin MP Materials na Amurka domin kafa harkar haƙowa da tace waɗannan ma'adanai a cikin masarautar. Gina matatar irinsu kan ɗauki shekaru, saboda haka ba maganin yau ba ne.

Ina Najeriya ta tsaya?

Kimanin kashi uku cikin huɗu na wutar da ke kan layin Najeriya daga gas take fitowa, daga tashoshi irin su Geregu da Omotosho da Olorunsogo da Afam da Azura. An girke injinan da suka kai ƙarfin megawat 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a yawanci tsakanin 4,000 ne da 5,000.

Ba yaɓe ne babban dalilin wannan giɓi ba. Ƙarancin gas da raunin layukan dakon wuta da bashi sun fi shi nauyi. Duhun da ya rufe yawancin jihohin Arewa na fiye da mako guda a watan Oktobar 2024, lalata layin Shiroro zuwa Kaduna ne ya share masa hanya. Amma bashin da gyaran a haɗe suke. A 2025 kamfanonin samar da wuta sun ce suna bin bashin kimanin naira tiriliyan 4. Kayan gyara da dala ake sayensu, dalar da ta tashi daga kimanin naira 460 a watan Mayun 2023 zuwa sama da 1,500 a shekarar da ta biyo baya. Kamfanin da ba a biya shi ba zai ɗage gyara, ya ci gaba da tuƙa injin da yaɓensa ya gaji, ko kuma ya kashe shi ya jira. Galibin gyara mai zurfi na sassan da wuta ke taɓawa a ƙasashen waje ake yin sa. A 2013 kamfanin GE ya sanar da shirin zuba jarin dala biliyan 1 a Najeriya, har da masana'anta a Kalaba, sai dai shirin bai kai inda aka yi fata ba.

Yanzu batun na matsowa Arewa. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a ranar 30 ga watan Yunin 2020, an tsara shi ne ya ciyar da sabbin tashoshi a Abuja da Kaduna da Kano masu ƙarfin megawat 3,600 a haɗe. An sha ɗage ranar kammala shi. Idan ya iso, injinan za su yi aiki ne a yankin da hunturu ke kwaso wa ƙura daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Injin da ke Kano zai fi kama da na Ƙasim fiye da na Afam, kuma lissafin gyaransa ya kamata ya nuna haka tun daga ranar da za a sa hannu a kwangila.

Wani abin lura shi ne a tarin ƙasar da masu haƙar kuza suka bari a Filato akwai zirkon, dutsen da ake samun zirkoniya daga gare shi, da kuma ma'adanan da ke ɗauke da itiriyom. Ɗanyensu ake fitarwa.

Masu shakku na da hujja. Kasuwar Najeriya ba ta kai ta Saudiyya ba, masu ƙera injina ba sa yarda da gyaran da ba su tantance ba, kuma wurin feshin filasma shi kansa na buƙatar tsayayyiyar wuta da tsarkakakkiyar iskar agon. Sai dai ba daga fiffiken inji ake farawa ba. Masu gyara a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano sun daɗe suna cike sandunan da suka cinye da walda, su sake feƙe su. Feshin ƙarfe mataki ne na gaba a wannan sana'a, kuma masu buƙatarsa na nan: kamfanonin siminti a Sakkwato da Ashaka da Malbaza, matatun mai a Kaduna da Damagaram, hukumomin ruwan sha, masana'antun robobi na Sharaɗa da Bompai. Akwai Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa a Jos, akwai hukumar NASENI, akwai sashen nazarin ƙarafa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, waɗanda za su iya fara auna abin da ƙurar hunturu ke yi wa yaɓe. Idan aka haɗa injinan gas na tashoshin wuta da na kamfanonin mai da na Ghana da Kwaddibuwa, kasuwar gyara ta isa a zauna a yi ciniki a kanta. Dokar shigar da 'yan ƙasa a harkar mai ta 2010 ta nuna cewa Najeriya ta san yadda ake gindaya irin wannan sharaɗi.

Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara. Saudiyya ma da aro take, amma ta sa an kawo maɗinkin ƙofar gidanta, shi ya sa famfunan Kudai da na'urorin sanyaya Harami ke da wutar da za su dogara da ita a ranar da zafi ya haura digiri 50. Ranar da za a sanar da kwangilar tashar wutar Kano, za a faɗi yawan megawat da yawan kuɗi. Tambayar da ta rage ga 'yan majalisa da 'yan jarida ita ce: bayan shekara uku, idan aka buɗe injin, a ina za a gyara fukafukansa, wa zai gyara, kuma da kuɗin wace ƙasa za a biya?